Guzuri, ruwan sama da shiga gari: amsoshi ga masu doguwar tafiyar ƙafa

Tambaya: Ina shirin taka wani ɓangare na hanyar Appalachian, doguwar hanyar ƙafa da ke bin duwatsun gabashin Amurka, wata guda da jaka a baya. In sayi busasshen abincin nan na leda da ake zuba wa ruwan zafi, ko in haɗa nawa? Tsadarsa ta ɗaga mini hankali.

Amsa: Ɗan'uwa, ka sayi leda biyu ko uku kawai, ka ajiye su don daren da gajiya ta hana ka girki. Sauran ka haɗa da kanka. Guzurin mai tafiya da sikeli ake auna shi, tunda bayanka ne zai ɗauka. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4 kacal. Wanda ya yini yana hawa da gangara da kaya zai iya ƙona kalori 4,000, wani lokaci fiye, kuma yawancin matafiya suna ɗaukar giram 700 zuwa kilo ɗaya na abinci a kowace rana. Lissafa kwana biyar ka gani.

Don haka ka manta da abincin gwangwani da ɗanyun 'ya'yan itatuwa, ruwa ne za ka yi wa dako. Nemi taliya mai saurin dahuwa, da gyaɗa, da busassun 'ya'yan itatuwa, da cuku mai tauri, da ƙaramar gorar man zaitun da za ka riƙa tsiyayawa a kowane girki. Ka riƙa karanta rubutun jikin leda, wasu akwai naman alade a ciki. Kada kuma ka sayi na wata guda a tashi ɗaya. A makon farko abinci ba ya shiga sosai, sai wajen mako na uku yunwa ta taso gadan-gadan, abin da kake marmari yau kuma ya gundure ka.

Tambaya: Kuɗina ba za su kai ga biyu ba. In sayi rigar ruwa mai tsada, ko jakar kwana mai kyau, wadda ake shiga cikinta a yi barci?

Amsa: 'Yar'uwa, jakar kwana. Duk tsadar rigar ruwa, idan sama ta kwana uku tana zuba sai kin jiƙe, in ba daga waje ba to daga gumin jikinki. Aikin rigar tare iska ne da riƙe ɗumi, matsakaiciya ma za ta yi. Abin da zai cece ki shi ne wurin kwana busasshe. Jakar da aka cusa wa gashin agwagwa ba ta da nauyi, amma da ta jiƙe ɗuminta ya tafi. Mai zaren roba ta fi nauyi, sai dai tana riƙe ɗan ɗumi ko da danshi. Idan hanyarki mai yawan ruwa ce, ni dai ta roba zan zaɓa miki. Ki shimfiɗa babbar ledar shara mai kauri a cikin jakar bayanki, ki zuba jakar kwanan da tufafin barci a ciki. Waɗannan tufafin ba a tafiya da su, ko da safiya za ki mayar da jiƙaƙƙun jiya kina karkarwa.

Ki guji auduga, tana shan ruwa ta manne a jiki. Ba sai da ƙanƙara sanyi ke illa ba: ruwa da iska sun isa su sauke zafin jiki ƙasa da digiri 35, daga nan magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi. Duk mita 1,000 da kika hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.5. A kan Dutsen Washington, wanda hanyar Appalachian ta ratsa, an auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a 1934. In kuma hadari ya haɗo, ki ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce. Ki sauka daga ƙololuwa, kada ki koma sai tsawa ta yi minti 30 da ɗaukewa.

Tambaya: In aika akwatunan abinci ta gidan waya zuwa garuruwan da ke gabana, ko in riƙa saye a hanya?

Amsa: Malam, saye a hanya, sai inda babu kanti ko kana da abincin da likita ya ɗora ka a kai. A Appalachian akan samu gari bayan kwana uku zuwa biyar, Hot Springs da Damascus ma hanyar ta bi ta tsakiyar titinsu ne. Dajin jihar Maine mai kusan kilomita 160 shi ke buƙatar shiri na musamman. Matsalar akwati ita ce yana ɗaure ka: ka iso ranar Asabar da yamma gidan waya a rufe, ka zauna har Litinin kana biyan kuɗin ɗaki. A gari aljihu ke yoyo. Ka kwana kusa da shi, ka shiga da hantsi, ka yi wanki, ka shanya tanti, ka caja waya, ka ci ka ƙoshi, ka fice kafin magariba. Tukunyar gas ta girki kuma ka bari sai ka sauka ka saya, ba a shiga jirgin sama da ita.