Tambaya da Amsa: Faɗuwar Ɗaliban Sakandaren Gwamnati a Jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum. A ƙaramar hukumarmu, sakamakon WAEC da NECO na makarantun sakandaren gwamnati kullum sai ƙara lalacewa yake yi. Ɗana yana aji biyar. Shin in ci bashi in mayar da shi makarantar kuɗi? Daga wani uba a jihar Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka ci bashin, ka ba yaron jaridar Turanci ya karanta maka sakin layi ɗaya, sannan ya bayyana maka ma'anarsa da Hausa. Idan ya kasa, to matsalar ta girmi sakandare, domin yara da yawa suna shiga aji ɗaya na sakandare ba su iya karatu sosai ba, ana kuma ciyar da su gaba kowace shekara har su iske jarrabawar da ke neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. A 2017 malaman firamare fiye da 21,000 ne suka faɗi gwajin 'yan aji huɗu a jihar Kaduna, wanda ya nuna inda gizo ke saƙa.

Sakandaren ma tana da nata laifin. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40, amma a makarantu da dama za ka tarar da yara zaune a ƙasa, na baya ba sa ko hango allo, yayin da malaman kimiyya ke ta neman canjin wurin aiki zuwa birni. Akwai ɗalibin da sai ranar jarrabawar gwaji yake fara riƙe kwalbar sinadari.

Duk da haka, ba kowace makarantar kuɗi ce mafita ba. Wasu ba su da ƙwararrun malamai, satar amsa kawai suke sayarwa, kuma jarrabawar JAMB da ake yi a kwamfuta takan tona asirin irin wannan sakamako.

Shawarata ita ce ka sama masa malamin da zai riƙa yi masa darasin yamma a Turanci da Lissafi, wanda ya fi kuɗin makaranta sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan ku iyaye ku shiga kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye, malamai da jama'ar gari mai sa ido kan tafiyar da makaranta, ku nemi shugaban makaranta ya ba ku jerin darussan da ba su da malami, ku kai shi a rubuce ofishin ilimi na shiyya. Tun da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, kuna da hujjar neman a turo muku malaman.