Yarona yana jiran Baban Kirsimeti: in ƙirƙiro masa na Sallah, ko in gaya masa gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi a nan Kano. Yaron wajena mai shekara shida yana wata makarantar kuɗi da ke da ɗalibai Musulmi da Kirista. A bikin rufe zango na watan Disamba an kawo musu wani mutum da jajayen kaya da farin gemu ya raba musu alewa da balan-balan, sai abokinsa ya gaya masa cewa wannan tsohon ne yake shiga gidaje da dare yana ajiye wa yaran kirki kyauta. Tun daga ranar yake tambayata ko zai zo gidanmu, in kuma ba zai zo ba, laifin me ya yi. Ƙanwata ta ce in ƙirƙiro masa makamancinsa na Sallah, in ce shi ke kawo wa yaro mai jin magana kayan Sallah, wai hakan zai rage masa rigima. Mahaifinsa kuwa cewa ya yi a gaya masa ƙarya ce a wuce wurin. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Shawarata ita ce kada ki bi ta ƙanwarki, ta maigidan kuma ki karɓa amma ki gyara mata lafazi, domin gaskiya ce ya faɗa, sai dai yaro ɗan shekara shida ba a miƙa masa gaskiya kamar yadda ake miƙa wa babba.

Yana da kyau ki fara sanin wane ne wannan tsoho, tunda yaron zai ci gaba da tambaya. Asalinsa wani malamin addinin Kirista ne mai suna Nikolas, wanda ya yi bishof a garin Mira, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, cikin ƙarni na 4 na Miladiyya. Ya shahara da kyauta a ɓoye, kuma labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, sai Nikolas ya riƙa jefa masa zinariya cikin dare don kada a san wanda ya bayar. Mutanen Holan suna tunawa da shi a farkon Disamba, sunan da suke kiransa da shi ne kuma ya rikiɗa ya zama Santa Kulos, wato Baban Kirsimeti, a Amurka. Keken da barewar ƙasashen ƙanƙara ke ja da shiga gida ta bututun hayaƙi sun yaɗu ne ta wata waƙa da aka buga a Amurka a 1823, sannan tallace-tallacen Coca-Cola daga 1931 suka ƙara kafa hoton ƙaton tsoho mai jajayen kaya a idon duniya. Ba ko'ina ne ma ake jiransa ba: a Italiya wata tsohuwa ce mai suna Befana ke kawo kyauta a daren 5 ga Janairu, wayewar 6 ga wata, a Rasha kuma wani tsohon ne daban yake zuwa a sabuwar shekara. Wato al'ada ce da ta taru sannu a hankali, ba rukunin addinin Kirista ba ce, kuma akwai Kiristoci da yawa, har a nan Sabon Gari, da ba sa gaya wa 'ya'yansu cewa da gaske yake.

Ta fuskar ilimin halayyar yara kuwa, ba zan tsorata ki da abin da bincike bai nuna ba. Yaro daga shekara uku zuwa wajen bakwai yana cikin lokacin da iyakar da ke tsakanin abin da ake gani da abin da ake rayawa ba ta gama tsayuwa a ransa ba, musamman idan manyan da ya amince da su suka tabbatar masa da abu, suka kuma nuna masa shaida, kamar mutumin da ya gani da idonsa a makaranta. Wani bincike da Anderson da Prentice suka wallafa a Amurka a 1994 ya gano cewa yawancin yara suna gano gaskiyar lamarin da kansu a wajen shekara bakwai, kuma akasarinsu ba su damu ƙwarai ba, iyayen ne ma suka fi nuna baƙin ciki. Saboda haka maƙwabciyarki Kirista da ke wannan wasa da 'ya'yanta ba lalata su take yi ba, kuma yaronki ma da wuya ya kai aji uku bai fara tambayar ta ina tsohon zai shigo ba, tunda gidajenmu babu bututun hayaƙi, sai dai ko ta indararo.

To amma rashin babbar illa a inda abin ya zama gadon gidan kowa ba hujja ba ce ta ki ƙirƙiro sabo a gidanki. A can gari ne gaba ɗaya yake wasan, yaro yana ganowa sai ya koma sahun manya yana taya su ɓoye wa ƙannensa. Ke kuwa ke kaɗai za ki ɗauki nauyin labarin, kuma ranar farko da ya faɗa a Islamiyya ko a gidan kakarsa za a yi masa dariya, ya dawo ya dube ki. Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ƙanwarki ta bayar, wato rage rigima. Wannan ya fitar da lamarin daga wasa ya mai da shi bulala, ya shiga layi ɗaya da maganganun da muka saba ba tare da mun ɗauke su a bakin komai ba: dodo zai kama ka, zan kai ka a yi maka allura, ga ɗan sanda nan. Mafi ciwo a cikinsu ita ce wadda kusan kowane gida ya sani, uwa ta shirya za ta unguwa, yaro ya riƙe mata mayafi, ta ce maza je ka ɗauko takalminka mu tafi, kafin ya fito da takalmin a hannu ta kai bakin titi ta tare Adaidaita. Ki lura da wannan yaron bayan wata biyu, za ki ga ko banɗaki za ki shiga sai ya biyo ki yana kuka, domin ya koyi cewa maganarki ba ta riƙe komai.

An gwada wannan a Jami'ar Rochester ta Amurka, a binciken da aka wallafa a 2013. An yi wa yara ƙanana alkawarin kawo musu kayan zane masu kyau, aka cika wa wasu, aka saɓa wa wasu, daga nan aka ajiye wa kowa alewa guda aka ce in ya jira za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Haƙurin da muke nema daga yaro, wani kaso nasa daga amincin bakinmu yake fitowa. Mu Musulmi ma an riga an gaya mana. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa mahaifiyarsa ta kira shi yana ƙarami ta ce zo in ba ka, Manzon Allah (SAW) yana gidan, sai ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Hukuncin fiƙihu na malamai ne, ni tarbiyya na karanta, amma ko a tarbiyyar ina ganin haɗari a ce wa yaron da ake koya wa tauhidi akwai wani wanda ba a gani, mai sanin duk abin da ya aikata a ɓoye, mai saka masa a kai, sannan bayan shekara biyu a ce masa wancan wasa ne amma sauran abin da muka gaya maka na gaibu gaskiya ne. Yara da yawa suna rarrabewa lafiya, amma babu dalilin da zai sa ki ɗora masa wannan aikin da hannunki.

Kada kuma a fahimci cewa ina hana yaro duniyar tunani da ƙage. Yaron da ba ya wasan kwaikwayo, ba ya hawa kara ya ce doki ne, shi ne abin damuwa. An ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, a cikinsu har da doki mai fukafukai, kuma da Annabi (SAW) ya tambaye ta ta ba shi amsa dariya ya yi. Hausawa kuma sun daɗe da warware wannan matsala ta hanyar da nake ganin ta fi ta Turawa tsafta. Tatsuniya tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta, kowa ya san an shiga wata duniya inda Gizo ke magana, Ƙoƙi ke girki, kura ke zuwa kasuwa. In an gama a ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Mai bayarwa da kanta take sanar da cewa an fito, kuma ban taɓa jin yaron da ya ji ƙarancin daɗin tatsuniya don ya san Gizo ba ya magana ba. Haka tashe yake daga goma ga azumi: yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya riƙe sanda yana tafiyar tsoho, ƙannensa su bi shi suna ihu, sun san yayansu ne, hakan kuma bai rage musu komai ba. Ga mutumin makarantar yaronki nan daidai: ɗan tashe ne na wasu mutane, a lokacin bikinsu.

Wannan ce ma amsar da zan so ki ba shi, maimakon kalmar ƙarya da mahaifinsa ya zaɓa, domin yaro ɗan shekara shida abin da ya ji a gida shi yake kaiwa makaranta ba tare da ragi ba, kuma ba ma son gobe ya tsaya a gaban aji ya ce wa abokinsa iyayenka maƙaryata ne. Ki fara da tambayarsa shi me yake gani, wa yake zaton ke cikin kayan nan, sau da yawa za ki tarar ya riga ya lura da cewa gemun da zare aka ɗaura shi. Sannan ki ce masa: wasa ne da Kiristoci da yawa suke yi a bikinsu don tunawa da wani mutumin kirki da ya rayu tuntuni mai son yin kyauta a ɓoye, kyautar kuwa iyayensu ne suke sayowa, kamar yadda Baba yake sayo maka kayan Sallah. Ki ƙara da cewa kowane gida da yadda yake wasansa, don haka ba aikinsa ba ne ya je ya gaya wa abokinsa, iyayen abokin ne za su gaya masa in lokaci ya yi.

Sai tambayarsa ta biyu, wadda ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙarki, wato laifin me ya yi. Nan ne aibin labarin ya fito fili, domin duk labarin da ya ce yaran kirki ne ke samun kyauta ya riga ya gaya wa wanda bai samu ba cewa shi ba na kirki ba ne. Ki duba layinku da safen Sallah. Akwai yaron da aka ɗinka wa shadda kala uku, akwai wanda mahaifinsa ya yi ta zarya tsakanin Kantin Kwari da gida bai iya haɗa kuɗin yadi ɗaya ba, akwai maraya, akwai almajirin da ke muku wanke-wanke. In da akwai wani tsohon Sallah mai raba kaya gwargwadon hali, me za mu ce wa waɗannan? Wannan amsar kada ki jinkirta ta, ki gaya masa yau cewa bai yi laifin komai ba, kuma kayan Sallah ba ladan jin magana ba ne, ana yi masa ne don ɗa ne a gidan. Horo yana da nasa hanyoyin, kamar hana shi kallo na yini ɗaya ko hana shi fita wasa, amma rigar Sallah kada ta shiga ciniki.

Abin da ƙanwarki take nema a zahiri, ina zato, shi ne ɗoki, wato yaro ya kwana yana juyi don gari ya waye, kuma Sallarmu ba ta rasa wannan ba. Ku tafi da shi kasuwa ya taɓa yadin da hannunsa, mahaifinsa ya kai shi wurin tela a yi masa awo, ya ji ana cewa a dawo jibi, a koma a ce sai gata, ya san cewa rigar nan mutum ne ya kwana a kan keke ya ɗinka ta, wani kuma ya yi gumi ya biya. Yaron da ya san wanda ya ba shi ya san wanda zai gode wa, kuma hadisi ne sananne cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In kina son ɓoyon, ki ajiye masa agogon roba ko tabarau a ƙarƙashin matashi a daren Sallah, da safe ki ce ya canka wa ya ajiye, ko Baba ko Hajiya ko Kawu, a yi ta dariya har ya gano. Da hantsi kuma, in an zuba abincin Sallah a kwanuka, ki ɗora masa na gidan abokin nan nasa ya kai da kansa, ki kuma ware wani abu daga barka da Sallar da ya tara ku saya wa almajirin gidanku silifa, ku ajiye masa inda yake ajiye robarsa ba tare da an ce ga wanda ya saya ba. Da wuya ɗan shekara shida ya iya riƙe wannan sirrin har la'asar, kuma in ya fallasa kada ki yi masa faɗa.

Game da makarantar, in ke da mahaifinsa ba ku son ya halarci irin wannan biki, ku sami shugabar makarantar cikin mutunci tun farkon zango ku tambayi abin da aka tsara, domin cire yaro daga layin alewa a ranar bikin, yana kallon 'yan ajinsu suna karɓa, ya fi tsohon mai gemun kansa barin tabo.