Amsa ga ɗana kan fadamar da ba a rabawa

Ɗana, saƙonka ya iso, na ji daɗi da kake lafiya kuma karatu na tafiya. Abu biyu ka tambaya: me ya sa ake hana kamun kifi a fadama har sai sarkin ruwa ya buɗe, ko camfi ne kawai, sannan me zai hana a yanka fadamar a ba kowa rabonsa da takarda, tunda a ganinka abin da yake na kowa ba ya samun mai kula.

Camfi kam akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Mu ma an tsorata mu da aljanin ruwa muna yara. Amma ka ajiye aljanin gefe, ka dubi lokacin da ake hanin. Idan ruwa ya cika ya malala cikin ciyawa, kifi yana barin kogi ya bi shi, a nan yake zuba ƙwai, a nan 'ya'yansa ke ɓuya har su yi ƙwari. Na sha tsugunawa a bakin ruwan da bai wuce idon sawu ba, in ga 'yan kifi kamar tsinke sun yi baƙi a gindin ciyawa. Wanda ya ja taru a wannan watan ya kwashe kamun baɗi ne tun bai zo ba. Shi ya sa tsohon sarkin ruwan da na sani yake zura yatsunsa a idon raga kafin mutum ya shiga. In yatsu ba su wuce ba, sai ya naɗe ta ya ce maka gobe ka zo da wata, ko kai ɗan wane ne.

Batun rabo kuwa, a nan nake so ka nutsu. Fadama ba gona ba ce. Fili ɗaya ne, amma masu shi suna canzawa da wata. Da damina na kifi ne da masunta. Ruwa na janyewa, manomi ya bi laima ya shuka. An kwashe amfani, makiyayi ya shigo da shanu su ci ƙarmami da ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙayau, kashin da suka bari kuma shi ne takin da zai ciyar da ƙasa da ruwan baɗi. A tsakani ga mata masu yankan kaba, ga mai tukwane da ke ɗiban yumɓu. To in ka yanka ka ba mutum ɗaya takarda, wa ka ba? Manomi ne zai samu, don shi ake gani da fartanya a wurin. Ranar da ya kafa shinge, burtali da mashaya sun toshe, kuma ka san abin da ke biyo baya idan garke ya iso ya tarar ba hanya.

Maganar da ka kawo ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi ta a 1968, cewa makiyayar da kowa ke shiga ƙarshenta lalacewa. Sai wata mata, Elinor Ostrom, ta bi al'ummomi da dama ta nuna cewa inda aka san su wa ke da hakki, aka yi doka tare, aka sa mai tsaro, aka hukunta mai laifi daidai laifinsa, dukiyar tarayya tana daɗewa ƙarni da ƙarni. Wannan aiki ya ba ta kyautar Nobel a 2009. Ni abin ya ba ni dariya, don abin da kakanni ke yi ne aka ba shi lambar yabo. Dubi Masina a ƙasar Mali: tun zamanin Shehu Amadu, farkon ƙarni na 19, aka tsara wane garke zai fara shiga makiyayar kogin Neja, wane zai biyo, aka naɗa masu kula da ita da ake kira jowro, kuma har yau ana jin sunansu.

Abin da ya fi kashe fadama daga saman kogi yake zuwa, daga inda sarkin ruwa ba shi da ta cewa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Hadeja da Nguru ta sauya, ruwa ya daina zuwa da tafiya a kan lokacinsa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyi. A Kamaru ma madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logon, sai a 1994 aka fara sake mata ruwa, kifi da ciyawa suka soma dawowa. Duniya ta ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran tun 1971, amma takarda ba ta buɗe ƙofar dam.

Kada ka ce na wanke al'ada tas. Na ga mai riƙe da ruwa da ya sayar da tafki ga mai kuɗi a ɓoye, na ga wanda ya kau da kai ana zuba guba don an cika masa aljihu. Mata kuma, duk da su ke gyaran kifi da sayar da shi, ba a kiransu wurin yanke shawara, wannan gyara yake so.

In takarda kake so, ni ma ina sonta, amma ta jama'a: a rubuta iyakar fadamar, da watan hani, da girman idon raga, da ranar shigar shanu, a sa hannun masunci da manomi da makiyayi, hukuma ta buga hatimi, ta yadda ba mai sayarwa shi kaɗai. Kai ne mai alƙalami yanzu. In ka zo hutu ka taho da littafi, zan zaga da kai wurin tsofaffin da suka rage, don biyu daga cikin waɗanda suka san iyakokin sun riga mu gidan gaskiya bara.

Ka gaida abokan karatunka. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka