Jan kifin ado a Damagaram: wane irin mazubi ne zai riƙe shi?

Tambaya daga wata malamar makaranta a unguwar Birni:

Assalamu alaikum. Ɗana ya matsa mini da kuka har na saya masa jajayen kifin ado guda biyu wajen wani mai kawo su daga Kano. Ya haɗa mini da kwalbar gilashi mai kamar tulu, wadda ke cin ruwa kamar lita 6. Kullum da safe nakan zubar da ruwan duka, in wanke kwalbar da omo, in zuba sabo daga famfo. Duk da haka kwana 9 ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ga shi can ya ɗago baki sama yana haki. Mai sayarwar ya ce mini kifin daidai gidansa yake girma, don haka kwalbar ta ishe su. Ina so in sa a yanka mini akwatin gilashi. Wane girma ya kamata, kuma me zan saka a ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin mu je wajen mai yankan gilashi, mu ceci wanda ya rage. Yau ɗin nan ki samo babbar roba mai faɗin baki wadda sabulu bai taɓa shiga ba, mai cin lita 40 ko 50. Ki cika ta da ruwan da ya kwana a buɗe, ki ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kada ki juye kifin kai tsaye. Ki ɗebo shi da ruwansa a kwano, ki riƙa ƙara masa sabon ruwan kaɗan-kaɗan na kamar minti 20, sannan ki sake shi. Kwana biyu kada a ba shi abinci, ba abin da zai same shi. Ki rufe robar da tsohon gidan sauro saboda kyanwa, kuma idan akwai mai rarrafe a gidan a ɗora ta inda hannunsa ba ya kaiwa, don ruwan roba ya isa ya yi wa jariri illa.

Maganar mai sayarwa kuwa, rabin gaskiya ce, kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai ciwo. Kifin da aka ƙuntata a ɗan ruwa mai datti yakan tsumbure, ya daina girma, amma tsumburewar ciwo ce, kamar yaron da tamowa ta kama. Wannan kifi asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka fi shekara 1000 ana kiwonsa a tafkuna da manyan kwatanniyoyi, sai a ƙarni na 17 ya shiga Turai. Idan ya sami kulawa yana yin shekara 10 zuwa 15, wasu har su haura 20. Wanda kika saya kamar ɗan yatsa jariri ne.

Ki leƙa shi ta sama ki dubi wutsiyarsa. Idan jikinsa dogo ne siriri, wutsiya guda ɗaya mai baki biyu, to wannan shi ne gama-gari, yana kai santimita 25 zuwa 30, tsawon rular ɗalibanki ke nan, kuma ɗan gudu ne. Idan kuwa jikinsa dunƙulalle ne kamar ƙwai, wutsiyar ta rabu biyu tana jan ƙasa kamar gyale, wannan yakan tsaya a santimita 15 zuwa 20, kuma a hankali yake iyo. Na biyun shi ne na ɗaki. Na farkon akwatin gilashi masauki ne kawai gare shi na shekara ɗaya ko biyu, ƙarshensa sai kwarmin siminti a tsakar gida ƙarƙashin inuwa.

To me ya kashe kifin da ya mutu? Ruwa ba ya tsami banza. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, yawancinta ta kunnuwan da yake numfashi da su, sauran ta kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Jan kifi kuwa acici ne, ba shi da tumbi irin namu da zai riƙe abinci, yana ci yana fitarwa. A lita 6, kifi biyu cikin yini ɗaya sun gurɓata ruwan, ko da idonki na ganinsa garau. Abin da ke karya wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke manne a jikin soso da tsakuwa da gilashi. Suna mayar da amoniya zuwa nitirit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi nitirat, wanda kifi ke iya jurewa har a canza ruwa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an yi mako 4 zuwa 6. Ke kuma, da kyakkyawar niyya, kowace safiya kina kashe su da omo. Ga ragowar omon da ke ƙona fatar kifin, ga sinadarin kulorin na ruwan famfo, wannan warin jabel da kike ji idan ruwa ya zo. Tsabtar da ta dace da kwanon abinci ita ce ta cuce shi.

Yanzu ga girma. Masu kiwon kifin ado sukan ba dunƙulallen kifi na farko lita 75 zuwa 100, kowane ƙari kuma lita 40. Wannan lissafin mutanen da garinsu ke da sanyi ne. Mu a nan nakan ce a ɗauki na sama a ƙara. Don kifi biyu, ki ce wa mai gilashi ya yanka tsawo santimita 100, faɗi 40, tsayi 40. Ki ninka su uku ki raba da 1000, za ki ga lita 160. Tunda ba a cikawa har baki, ga kuma yashi, ruwan da zai shiga kamar bido 6 ne na lita 25. Idan da hali, 120 da 45 da 45 ya fi, lita 243 ke nan, zai ɗauki uku cikin walwala. Gilashin kada ya gaza milimita 8 ga na farko, 10 ga na biyu, a sa masa ƙarfafa ta gilashi a bakin sama don kada ya buɗe ciki. Silikon ɗin da za a liƙa da shi ya zama tsantsa, ba irin na banɗaki da aka haɗa da maganin fumfuna ba, wannan yana kashe kifi. A bar shi ya bushe kwanaki, a gwada shi da ruwa a tsakar gida tukuna kafin ya shiga kan kafet.

Masu gilashi suna son yin dogo mai tsayi kamar kabad saboda ya fi ɗaukar ido. Ki ƙi. Iska ta saman ruwa take shiga, don haka faɗin baki shi ne hancin akwatin. Shi ya sa kwalbarki mai wuyan tulu ta zama kurkuku: ana cika ta, inda ruwa ke haɗuwa da iska bai fi tafin hannu ba.

Nauyi ma abin lura ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Da ruwa da gilashi da yashi kina maganar wajen kilo 200, buhun siminti 4. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba. Mai walda ya yi miki ƙafa ta ƙarfe, a shimfiɗa katako lafiyayye, a sa soso siriri tsakaninsa da gilashin, a tabbatar ba ya karkata.

Abin da ya sa nake nacewa a kan yawan ruwa shi ne bazararmu. Jan kifi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da muke neman bargo, shi sallarsa yake yi, kuma duk wanda ya ce ki sayi na'urar ɗumama ruwa kuɗinki yake so. Amma a Afrilu da Mayu, zafin Damagaram yana wuce digiri 40, ruwan ɗaki mai rufin kwano ya haura 30. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kamar miligiram 9 a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kamar 7 da rabi. A daidai lokacin da iskar ta ragu, jikin kifin kuma ya ƙara sauri yana neman ninkin abin da yake shaƙa, amoniya ma ta ƙara dafi. Ƙaramin ruwa yana bin zafin ɗaki nan da nan, babba kuwa yana jan ƙafa, kafin ya yi zafi yamma ta yi.

Ni kaina wannan darasi da asara na koye shi. Wata bazara ina da guda biyar a akwati mai lita 120, na san sun yi yawa, amma famfon iska, ɗan injin da ke tura kumfar iska cikin ruwa, na aiki sai na yi shiru. Wani dare aka ɗauke wuta tun bayan isha'i. Da na fito sallar asuba na haska fitilar waya, na tarar da su jere a saman ruwa, bakuna a buɗe suna tsotsar iska, babban cikinsu ya kwanta a gefe ɗaya, wutsiyarsa kawai ke ɗan motsi. Na sa kofi ina kamfatar ruwan ina kwararo shi daga sama, har gari ya waye hannuna ya sage. Uku suka tsira. Manyan biyun ne suka tafi, don babba ya fi ƙarami buƙatar iska. Tun daga nan ba na ajiye kifi ba tare da ɗan famfon iska mai aiki da batir ba. Akwai irin wanda ake soka wa abin cajin waya, yana kwana yana aiki. A wurina ya fi fitila mai launi da furen roba muhimmanci nesa ba kusa ba.

Matatar ruwa mafi dacewa da mu ita ce ta soso, wadda famfon iska ke tura wa kumfa. Wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, ba ta da injin da ke zama cikin ruwa yana ƙara masa zafi, kuma tana tace ruwa tana ba shi iska lokaci guda. Ki sa biyu, ɗaya a kowace kusurwa, amma tun yanzu ɗaya ya fara aiki a robar. Idan sosan ya toshe, ki matse shi cikin tsohon ruwan da kika ɗiba daga akwatin, kada ki kai shi bakin famfo. Wannan launin ƙasa-ƙasa da kike gani a jikinsa su ne ma'aikatanki.

Don rage zafi, ki yi abin da randa ke yi. Iskar bazara a nan busasshiya ce, don haka ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan tana sauke shi digiri 2 zuwa 3. Murfin ya zama na raga, ba gilashi ba, zai tare ƙurar hunturu kuma ya bar tururi ya fita. Ranar da abin ya yi tsanani, ki sa gorar ruwa a firigo ta daskare, ki jefa ta a rufe ta yi yawo a sama. Kada ki fasa ƙanƙara a ciki, sanyin farat ɗaya yana girgiza kifi fiye da zafin. Akwatin kuma ya nisanci taga da bangon yamma da rana ke gasawa. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta ajiye nata a babbar kwatanniya irin ta maginan Mirya, ƙarƙashin rumfar zana, ruwan sanyi ƙalau, kifin ana kallonsa ta sama kamar yadda Sinawa suka faro. Ba gilashi, ba tsada, kuma sun fi na falo da yawa lafiya.

Sai ruwa, wanda duk ɗan Damagaram ya san darajarsa. Kowane mako ki cire kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, wato bido biyu, ki zuƙe da tiyo daga ƙasa inda kashi ke taruwa. Sabon ruwan ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe cikin ɗakin, kulorin ya fice, zafinsa ya yi daidai da na akwatin. Idan kin sami maganin ɗigawa mai kashe kulorin, ya fi tabbas. Ruwan rijiya ma yana yi, muddin ba ya ɗanɗanon kanwa ko gishiri. Cika gurbin abin da zafi ya ƙone ba canjin ruwa ba ne, domin ruwan ne ya tashi, dattin da gishirin suna nan suna taruwa. Tsohon ruwan kada ki zubar a kwata, taki ne, ki ba zogale ko lalle. Ki yi wa kanki lissafi tun yanzu: a watan da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, ƴan garuwa sun tsawwala, za ki iya ware bido biyu a mako don kifi? Idan amsar a'a ce, ki tsaya a kifi ɗaya, ko ki haƙura har ɗari ya shigo.

A ƙasan akwati, yashin gulbi da aka wanke har ruwansa ya fito fes, kaurin ɗan yatsa, ko duwatsu masu santsi da suka fi bakinsa girma. Tsakuwa mai girman wake tana maƙale masa a baki, don shi kullum cikin tonon ƙasa yake. Shuka mai laushi kuwa cinye ta zai yi.

Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da zai cinye cikin minti biyu. Nan ne za ki sa wa yaron ido, da baƙin da ke zuwa kowa ya yayyafa nasa. Ki auna na ranar a murfin kwalba ki ba shi, ki ɓoye gwangwanin. Burodi da tuwo ba nasa ba ne. Ganyen salati ko zogale da aka ɗan tafasa, ba gishiri ba mai, yana gyara masa ciki sau biyu a mako. A tsakiyar bazara ki rage abincin rabi.

Abu guda da ke kashe kifi a gidajenmu ba a gane ba shi ne maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duka suna da sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa ke halaka kifi, famfon iska kuma yana zuƙo shi ya tura cikin ruwa. Idan za a fesa, a kashe famfon, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Wanda ya shafa mai ko turare kada ya tsoma hannu.

Idan akwatin ya iso, ki ɗauko sosan da ya riga ya yi aiki a robar ki saka a ciki tare da kifin, kada ki wanke shi. Wata na farko ki riƙa canza bido ɗaya duk bayan kwana biyu, abinci kaɗan. Abokin zama kuwa sai bayan mako 6, mai irin jikinsa, kuma shi ma ya fara yin mako biyu shi kaɗai a robar kina duba ko akwai fararen ɗigo kamar gishiri a jikinsa. Ɗan tarwaɗa da yara kan kamo daga tafki da damina kada ya shiga, cikin ƴan watanni zai girma ya haɗiye masu gidan.