Tsagewar jijiyar wuya da shanyewar ɓarin jiki: amsoshin tambayoyinku

Daga Kumo: Likita wai da gaske sikanin irin na masu ciki ake yi wa wuya?

Eh Malam, kusan na'ura ɗaya ce. Za a shafa ma jel a wuya a ɗora kan na'urar, mu ga yadda jini ke gudu a allo. Dofla ake ce masa, ba allura ba zafi.

Daga Pantami: Ƙanena shekararsa 32, ba hawan jini ba suga, ya faɗi da mashin ya tashi garau, bayan kwana huɗu baki ya karkace hannu ya saki. Asibiti sun ce jijiyar wuya ce ta tsage. A gida an dage iska ce, za a kai shi a yi masa ƙaho a ja wuyan.

Hajiya don girman Allah kar ki bari kowa ya taɓa wuyan nan! Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa ta wuya, biyu gaba biyu baya, in bangon ɗaya ya tsage ta ciki sai jini ya kutsa tsakani hanya ta matse, ko gudan jini ya ɓalle ya haura ya toshe sama, shi ya sa ba lallai a ranar faɗuwar abin zai nuna ba. Matasa yake yawan kamawa. To a ce wannan wurin ne wani zai kama ya murɗa har a ji ƙas? Abin nan yana ƙona min rai wallahi. Addu'a ku yi ta yi, amma ku bar masa wuyansa.

Hoton CT ko MRI, masu nuna cikin wuya da kai dalla-dalla, ne ke tabbatar da tsagewar, don Dofla ba ya hango can kusa da ƙoƙon kai sosai. Amfaninsa bibiya, a maimaita a ga hanyar tana buɗewa ko a'a. Yawanci tana warkewa cikin wata 3 zuwa 6, kuma duk lokacin nan ƙanen naki yana kan asfirin ko maganin tsinka jini. Ko ya miƙe kar ya daina sai likitansa ya ce. In magana ta sake sarƙewa, ko ido ɗaya ya dushe, ku wuce FTH, wato Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko tsakar dare ne. Kar a ɗura masa rubutu ko kunu yana ƙwarewa, huhu yake tafiya. Ku kai shi asibiti.

Daga Bajoga: Aski fa?

Yi askinka, amma ka ce wa wanzami banda murɗa wuya har ya yi ƙas. In ciwon wuya da kai ɓari ɗaya ya taso ma bayan nan, je asibiti a ranar.