Ga ƙanena na Idi-Araba da ke son zama masanin garkuwar jiki

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri a Jami'ar Legas, ka yi bautar ƙasa, ka kalli jawabin Farfesa Faith Osier a intanet, yanzu kana so in samo maka hanya ka zo Jamus ka zama kamarta. Irin wannan saƙo ba ya yanke min daga Agege da Mile 12, yawanci layi biyu nake mayarwa. Kai zan tsaya in yi maka bayani saboda darajar Hajiyarku.

Ka san daga ina sunan matar nan ya fito? Daga Kilifi, wani gari a gaɓar tekun Kenya. Likita ce da ta yi karatu a Nairobi, ta shafe shekaru tana duba yaran da zazzaɓin cizon sauro ke kwantarwa, ta riƙe tambaya guda: me ya sa manya a yankin sauro jikinsu ke koyon kare kansa, ƙanana kuma suke mutuwa? Ta bi jinin yaran nan shekara bayan shekara tana neman sinadaran garkuwar da ke bambanta wanda ya tsira da wanda ya kwanta. Sai a 2014 ta samu lambar yabo ta Royal Society Pfizer, a 2016 aka ba ta kuɗin kafa nata rukunin bincike a Heidelberg da ke nan Jamus, a 2019 ta zama 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya, IUIS. Da ta zo Turai, da tambayarta da yaran Kilifi ta zo. Kai me za ka riƙo?

Ga abin da ya fi ƙona min rai a wannan aiki. Kafin in fito, na yi wa wata cibiya aikin ɗibar jini. Ni nake zama da iyaye mata in yi musu bayani da Hausa har su yarda a soki yatsan ɗansu, ni nake kwana ina sauraron janareta kada firiza ta huce samfura su lalace. Aka kwashe su cikin ƙanƙara aka kai waje. Da takardar ta fito a mujalla, sunana yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. A wannan fanni sunan farko da na ƙarshe a jerin marubuta ake kallo: na farko shi ya yi aikin, na ƙarshe shi ke da ɗakin gwaji da kuɗi. Da godiya ba a ba ka tallafi, ba a ba ka aiki. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Duk wanda ya ce ka ɗebo masa jini, ka tambaye shi inda sunanka zai zauna tun kafin ka ɗauki allura, kuma ya rubuta.

Nan Jamus ɗin ma kada ka yi wa rogo kallon kitse. Masu karatun digiri na uku a fanninmu galibi kashi 65 cikin ɗari na cikakken albashi ake biyansu, aiki kuwa cikakke, har Asabar da Lahadi, don ƙwayoyin da kake reno a kwalba ba su san hutu ba. Bayan ka gama, kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, takardar zamanka tana rataye da shi. Ko Katalin Karikó, masaniyar da aikinta ya share hanyar allurar rigakafin korona, rage mata matsayi aka yi a Jami'ar Pennsylvania a 1995 don ta kasa samo kuɗin bincike; aikinta da abokin bincikenta Drew Weissman ya fito a 2005, lambar Nobel sai 2023. Ni dai alhamdu lillahi, yau ina da takardu da sunana a gaba, ina da ɗalibi a hannuna, amma da guminna na same su.

Saboda haka ka fara daga inda kake. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana bakin unguwarku, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, tana Yaba. Ka je ka roƙi a bar ka ka tsaya a ɗakin gwaji ko ba a biya ka ba, ka iya ELISA (gwajin sinadaran garkuwa a jini) da PCR (gwajin ƙwayoyin halitta) da hannunka, ka koyi lissafin sakamako da manhajar R. Tun Disamban 2024 aka fara yi wa yara rigakafin maleriya na R21 a Kebbi da Bayelsa, akwai buƙatar masu bibiyar yadda garkuwar yaran ke ɗorewa, kuma Hausarka jari ce da yawancin abokan karatunka ba su da ita. In ka yi shekara guda a haka, ka turo min shafi ɗaya mai ɗauke da tambayarka da wasiƙar wanda ya koya maka aiki, sai mu zauna mu cika takardun tallafin DAAD, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, tare. Ka gaishe min da Hajiya.