Kofato, gwiwar sa da shure-shure: amsoshin wannan mako

Wani matashi da ke koyon fawa a Gusau ya rubuto yana cewa: "Malam, maigidana ya yi mini dariya da na ce farcen sa. Shin kofato ba farce ba ne? Kuma me ya sa gwiwar ƙafar baya ta sa take kallon baya?"

Ɗana, maigidanka yana da gaskiya ta fuskar harshe, kai ma ba ka yi nisa da ita ba ta fuskar halitta. Abin da aka yi kofato da shi, shi aka yi farcenka da gashin kanka da kuben ƙahon sa da shi, kuma kamar farce yake tsiro, kimanin milimita 5 a wata. Sai dai Bahaushe ya raba sunayen gwargwadon aikinsu. Farce da ƙumba da akaifa suna bakin yatsa ne, ana susa ko yakushi da su. Dagi na kyanwa ne da zaki. Kofato kuwa shi ne wanda ya lulluɓe ƙarshen yatsa gaba ɗaya har dabba ta ɗora nauyinta a kansa. Jam'insa kofatai. Da k maras lanƙwasa ake rubuta shi, ko da yake ina yawan ganin "ƙofato", ina jin ƙafa da ƙofa ne ke jan hannun masu rubutun.

Na ce yatsa da gangan. In kun gama babbaka gobe, ɗauki ƙafa ɗaya ka duba tsagar nan ta tsakiya. Yatsu biyu ne, daidai da na uku da na huɗu a hannunka, kowanne da ƙasusuwa uku, na ƙarshen yana cikin kofaton kamar ƙafa a cikin takalmi. Ƙananan kofatai biyun da ke rataye a baya, waɗanda ba sa taɓa ƙasa sai cikin taɓo, ragowar yatsa na biyu ne da na biyar. Doki da jaki kuwa a kan yatsa ɗaya tak suke tsaye, na tsakiya, shi ya sa nasu kofaton dunƙulalle ne. Wannan bambanci ba na ado ba ne: cutar baki da kofato, wadda makiyaya da yawa ke kira boru, tana kama shanu da tumaki da awaki, masu tsagaggen kofato ke nan, amma ba ta kama doki.

To, in sa a kan yatsu yake tafiya, ina diddigensa? Nan amsar tambayarka ta biyu take. Gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya ba gwiwa ba ce, diddige ne ya ɗaga sama. Shaidarka tana hannunka kullum: kaurin jijiyar da kuke soka ƙugiya a bayanta ku rataye cinya, ita ce agara, kuma a jikinka a dunduniya agara take ƙarewa. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki, nama ya rufe ta, kuma gaba take kallo kamar taka. Haka a ƙafar gaba, abin da sa ke durƙusawa a kai daidai yake da wuyan hannunka. Dogon ƙashin da ke ƙasa da shi, wanda muke ce wa ƙwauri, asalinsa ƙasusuwa biyu ne irin na tafin hannu suka haɗe, har za ka ga layin haɗin a tsawonsa in an tsotse farfesu tas.

Kada dai ka je ka ce wa maigidanka ya daina cewa gwiwa. Bahaushe ya ga abin da ake durƙuso da shi ya ce gwiwa, bai yi kuskure ba. Likitan dabbobi ƙashi yake ƙirgawa, harshe kuwa aiki yake kallo, kuma a mahauta da Hausar mahauta ake ciniki.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambayi asalin "shure-shure ba ya hana mutuwa", da kuma bambancin shuri da harbi.

Hajiya, asalin maganar wurin yanka ne. Dabbar da wuƙa ta riga ta wuce wuyanta takan ci gaba da miƙa ƙafa tana naɗewa, wanda bai saba gani ba sai ya ɗauka tashi za ta yi. Maimaicin da ke cikin "shure-shure" shi ke ɗauke da nauyin karin maganar: ba shuri ɗaya mai ƙarfi ba, motsi ne barkatai, da yawa, maras amfani. Ana faɗa wa wanda hukunci ya riga ya hau kansa yana ta kame-kame, shi ya sa take yawa a bakin 'yan siyasa bayan zaɓe.

Harbi kuwa duka ne mai saiti da ƙafar baya, kuma an fi jingina shi ga jaki da doki, masu aika ƙafa kai tsaye baya. Saniya ta fi kawo tata gaba ta watsa ta gefe, daidai inda mai tatsa ke tsugune, dalilin da ya sa ake ɗaure wa mai gardama ƙafafun baya kafin a ajiye ƙwarya. Mutum ma yana shuri, ya shuri ƙofa ko ƙwallo, amma in aka ce wane yana harbi kamar jaki, an tashi daga bayani an koma zagi.

Wani kuma ya tambaya ko sawu da ƙafa ɗaya ne. Asalin sawu alamar da ƙafa ta bari a ƙasa ce, kamar a "sawun giwa ya taka na raƙumi", amma yakan tsaya a madadin ƙafar kanta, kamar a idon sawu. Daga gajartarsa, sau, muka samu "sau biyu" da "sau uku".